Haƙorin Mai Aswaki

A ɗakin jiran wani likitan haƙori a Wuse, Alhaji Badaruddeen ya zauna ya rufe rabin fuskarsa da hankici. Wani ma'aikacin gwamnati da ke gefensa ya dube shi.

"Baba, ciwo yake yi ne?"

"Ina ma ciwo ne, ɗana. Haƙorin gaba aka dasa mini shekara huɗu da suka wuce. Yanzu dasashin ya janye, ƙarfen ya leƙo kamar kan ƙusa."

"Ikon Allah! Nawa ma haka. Likita ya ce ni na jawo da dirza. To wani mai aswaki ne a kasuwa ya koya mini. Ya ce in dirza kafin kowace salla har jini ya fito, wai mataccen jini ne. Ya washe baki ya ce, 'Duba, shekara sittin, ko ɗaya bai taɓa girgiza ba.'"

Alhaji ya ƙara danne hankicin. Da wannan murmushin yake ciniki kullum a rumfarsa ta aswaki.

"Kuma ka yarda da shi?"

"Wa zai ƙi, Baba? Dattijo ne, ga haƙora farare tas. Har mahaifiyata na saya wa ɗauri guda. Tana can tana dirza, ta ce ta fi yarda da shi a kan likita."

Alhaji ya sauke hankicin a hankali.

"Ɗana, kira Hajiya mahaifiyarka yanzu. Ka ba ni wayar, ni zan gaya mata."