Tukunyar Ugali Mai Lotsa a Gefe

A rumfar tukwane ta kasuwar Kibuye a Kisumu, ƙasar Kenya, Owiti ya daɗe yana juya wata tukunya, yana ɓoye tafin hannunsa da ya yi kanta.

"Mama, ba ki da tsohuwa? Mai baƙin gindi, da 'yar lotsa a gefe?"

Mai rumfar ta kalli simintin da ya bushe a ƙafarsa. "Kowa sabuwa yake nema, ɗan samari. Ina mai lotsar ta tafi?"

"Tana nan bayan ɗaki. Siminti na zuba mata, ita da 'yar'uwarta, na soka bututun ƙarfe a tsakani. Motsa jiki na fara."

"Iye, ashe da zakara nake ciniki! Tukwanen ugalin uwarka, na tuƙa tuwon masara? Sau nawa kake ɗagawa?"

Owiti ya sosa ƙeya. "Tana ɗan motsawa dai."

"Da gwangwanin fenti ake farawa, yaro. Nawa ɗan ma da tukunyata ya fara, shekara uku ina jira ya faɗa mini."

"Ni tawa uwar ba ta sani ba. Shi ya sa nake son irinta sak."

"Me kuka ci jiya?"

"Shayi da burodi."

"Shekaranjiya fa?"

"Shayi... da burodi."

Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta karɓe tukunyar ta mayar kan 'yan'uwanta.

"Tafi gida, zakara. Ta sani tun ranar farko. Jira take ta ga ko ƙarfin naka ya kai na buɗe baki."