Tsamiyar Bayan Bariki

A bakin kogin Haɗeja, ana jiran kwalekwale, Gwadabe kukun Di'o, Baturen mulki, ya zauna kusa da wani dattijo da bai sani ba.

"Baba, Baturen nan wasan golf ya hana shi cin abinci. Wai koyon lanƙwasa bugu yake, ƙwallo ta kewaye tsamiyar bayan bariki."

"Ya iya?"

"Ina! Na ce masa ya buga a miƙe, a sare tsamiyar kowa ya huta."

Dattijon ya daɗe yana kallon ruwa.

"Ɗana, filin wasan nan a da gonarmu ce. A gindin tsamiyar muka binne mahaifina."

Gwadabe ya sunkuyar da kai. "Jibi za a kawo gatari, Baba."

"To, don Allah koma ka ce masa ya kusa iyawa."