Matar da muka mayar bencin baya

Mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ina gaida masu sauraro. Sunana Bulus, dattijo ne ni a wata ƙaramar ikkilisiya, wato coci, a nan Katsina.

Bara wata gwauruwa a cikinmu, Mama Rifkatu, ɗanta ya rasu. Daga baya ta miƙe a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki ta ce, "Ni dai yanzu ban san ko Allah yana jin addu'ata ba." Mu dattawa muka ce saɓo ne. Muka sa ta horo, wato ta koma bencin baya, ba ta cin Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da muke rabawa a lokacin sujada. Ni na karanta sanarwar da bakina.

Ta ci gaba da share majami'a kowace Asabar kamar yadda ta saba. Da muka daina ganinta, ba wanda ya bi sawu.

Makon jiya na je gidanta a Ƙofar Durbi. Na tarar da ita kwance, wata Hajiya maƙwabciyarta tana ba ta kunu a baki. Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam, ashe tana da mutane? Wata uku ke nan ina jinyarta."

Mama Rifkatu kuwa sai ta ce, "Sannu da zuwa, dattijo. Wa ke share majami'a yanzu?"

Jama'a, ku ba ni shawara. Ina so in nemi gafararta ranar Lahadi a gaban kowa, amma sauran dattawa sun ce zan zubar musu da girma. Tsakani da Allah, wa ya kamata ya zauna bencin baya, ita ko ni?