Kwaɗi a Bokiti, Gona a Kan Iyaka

A tashar Daura ana jiran motar Katsina ta cika, wani dattijo ya leƙa bokitin da wata budurwa ta rungume.

"'Yata, kwaɗi? Miya za a yi?"

"Jami'a zan kai su, Baba. Lantarkin da ke cikin jijiyoyinsu nake aunawa."

"Kwaɗo da lantarki, mu muna cikin duhu! Likita ce ke ko injiniya?"

"Ko ɗaya. Masu nazarin halittu sun ce in koma wurin 'yan fiziks, 'yan fiziks suka ce in kwashe ƙazantata. Har yau ba ni da ɗakin aiki."

"Ashe ke kamar gonata ce ta Kongolam, rabi Nijar, rabi Najeriya. Da damina ba mai leƙo ni, sai da kaka kowa ya ce tasa ce. Ke dai bari kwaɗon ya kawo wuta, ranar za ki ga dangi."