Motar da ta shigo da jikata shiru

An yi mini jika, mace, bayan shekara tara muna jira. Yi haƙuri mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Baba Ayuba daga wajen Zangon Kataf. Da girmana na koyi rubutu a ajin yamma, sai ka karanta a hankali.

Ɗana Bulus yana da ƙaramar mota mai shan fetur, ana kuma yi mata caji kamar waya. Ranar da naƙuda ta kama matarsa, makonmu biyu ba wuta, batir ya ƙare. Aibin motar ke nan a ƙauye. Amma ta koma kan fetur ta kai su asibiti a Kafanchan.

A can ya yi mata caji. Ashe in tana kan batir ba ta yin ƙara. Ranar da suka dawo, matan zumuntar cocinmu suna bayan gida suna jiran ƙarar inji su fito da guɗa, yadda muke tarbar jariri. Ni kuma idona ya yi rauni, ina gindin mangwaro ina kasa kunne. Ba wanda ya ji komai. Sai muryar Bulus a kaina: "Baba, miƙo hannu."

Ban yi kuka ba, ban yi dariya ba, addu'ar da na shirya ma ta ɓace. Yau kwana huɗu, ina murna amma jikina a mace yake. Masu sauraro, haka abin yake yi wa mutum?

Ranar Lahadi bayan sujada za mu sake tarbar. Bulus zai shigo yana danna hon. Ina gayyatar kowa ya zo ya gani.