Salansa Mai Rimot

A layin shan mai a Kwararafa, wata mata ta leƙa tagar wata jar mota.

"Oga, lalacewa ta yi take ƙara kamar bindiga?"

"Salansa ce 'yar waje, Madam. Dubu ɗari bakwai na saye ta. In na danna rimot, shiru take yi."

"Yaushe kake dannawa?"

"In na hango 'yan sanda. Akwai tara."

"Shi ya sa. Ba su tsayawa a layinmu na Anguwan Rukuba. Duk safiyar da ka wuce, tsohuwata sai ta rungumi jakar takardunta ta laɓe bayan ƙofa, wai rikici ya dawo."

"Ai sai ki faɗa mata mota ce."

"Na faɗa. Ta ce wancan karon ma haka muka ce mata."