Yawun Tela

A ɗakin jira na asibiti, wata dattijuwa ta kasa ɗauke ido daga mutumin da ke ta kurɓar ruwa.

"Malam, wannan ƙishirwa lafiya?"

"Ina fa, Hajiya! Tun da aka yi min gashin ciwon daji a wuya yawuna ya ƙafe. Yau allurai za a kakkafa min, wai ko zai dawo."

"Allurai! Da wane magani?"

"Babu, zallarsu. Tela ne ni, amma ko bakin zare ba na iya jiƙawa, sai matata ta lasar min."

Dattijuwar ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Gobe maigidana zai fara gashin nan, ba wanda ya faɗa mana. Shi fa ladan ne!"